Kafin ka sayi esi ko ka ƙara fanel, ɗaga kai ka kalli rufin ɗakinka

Duk shekara da zarar sanyin hunturu ya ja baya watan Maris ya kama, hirar mutanen Zariya guda ɗaya ce daga Ƙofar Doka har Samaru, zafi. A majalisa zafi, a ƙofar masallaci bayan la'asar zafi, a cikin keke napep zafi, kuma in ka saurara da kyau maganin da kowa yake kawowa na saye ne, wannan yace sai esi, wancan yace janaretan ne yayi ƙarami, wani yace ai yanzu sola ake yayi a ƙara fanel a ƙara batir. Da wuya kaji wanda yace bari in duba shi kanshi ɗakin, me yasa yake haɗiye rana tun safe ya kwana yana amayar mana da ita. Ni a ganina daga nan muke fara asara, domin gidan da bai gyaru ba duk injin da ka kawo mishi zai cinye, ya ci mai, ya ci yunit, ya tura hayaƙi sama, kuma wannan hayaƙin yana cikin abinda yake ƙara ma duniyar zafi.

Toh bari mu fara da shi wannan hayaƙin da ake ta cewa yana ɗumama duniya, don mutane da yawa suna jin maganar a rediyo ba tare da an taɓa warware musu ita ba. Hasken rana yana ratsa iska ya sauka ƙasa, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan ta maida shi sama a matsayin huci wanda ido baya gani, shine wannan da kake ji yana tasowa daga kwalta bayan magariba. Kusan kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iskar da muke shaƙa naitrojin ne da oksijin, su kuma ba ruwansu da wannan hucin, wucewa yake ta cikinsu. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da suke kama shi su dawo da wani sashe ƙasa, tururin ruwa, kabon dayoksaid, metan, naitros oksaid. Kuma fa asalinsu rahama ne, ba don su ba da matsakaicin zafin duniya yana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ko'ina ƙanƙara, alhali da su yana wajen digiri 15. Matsalar ita ce an ƙara su fiye da kima cikin ɗan lokaci.

In kana so ka ga aikin da kanka ba sai kaje ɗakin gwaji ba. Daren Janairu a Zariya, iska a bushe ƙayau, sama tarwai, rana tana faɗuwa sanyi yake saukowa har asuba alwala ta zama aiki, saboda ba tururin da zai riƙe hucin ƙasa, duk ya tsere sama. Daren ƙarshen Afrilu kuwa lokacin da iskar damina ta fara shigowa da laima amma ruwa bai sauka ba, sai ka kai ƙarfe biyun dare kana juyi kana fifita, tururin ya tare hanya. Kabon dayoksaid irin wannan aikin yake yi, bambancin shine tururi yana zama ruwan sama cikin kwanaki ya sauko, shi kuwa wani kaso nashi sai ya shekara ɗaruruwa a sama.

Akwai masu cewa duk maganar nan sabon makircin Turawa ne don a hana mu cin moriyar man feturinmu, kuma na san daga ina zargin yake fitowa, an sha mu mun warke a abubuwa da yawa. Amma shi ilimin ya girmi siyasar nesa ba kusa ba. Wata Ba'amurkiya Eunice Foote tun 1856 ta gwada ta ga kwalbar da aka cika da kabon dayoksaid tafi ɗaukar zafi a rana, John Tyndall ya auna abin da kyau a 1859, sannan Svante Arrhenius ɗan Siwidin a 1896 ya zauna yayi lissafin yadda duniya zata ɗumama in iskar ta ninka, lokacin ko rijiyar Oloibiri ba a yi mafarkinta ba, sai 1956 aka samu mai a can. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid yana wajen kashi 280 cikin miliyan na iska, da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya tarar da wajen 315, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tunda aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da wajen digiri 1.5. Mutum zai ce digiri ɗaya da rabi kawai? Matsakaici ne na duniya baki ɗaya harda tekuna, a doron ƙasa ƙarin yafi haka, kuma inda yake cizo shine ranakun da dama can sune mafi zafi, da ruwan da yake zubowa lokaci guda ƙasa ta kasa shanyewa, ambaliyar 2022 kaɗai ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan ta raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallinsu.

Sauran iskokin ma suna nan kusa da mu. Metan yana fitowa daga gyatsar shanu, daga fadamar shinkafa da ruwa ya kwanta a kai, daga bolar da take ruɓewa a bayan unguwa, da wuraren haƙar mai da gas, ƙarfinsa wajen kama zafi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28 in an auna a shekara 100, sai dai baya daɗewa, wajen shekara 12 ya lalace. Naitros oksaid kuma yana fitowa daga takin zamani da aka zuba fiye da abinda shuka zata ci, shi ya ninka sau 270 da wani abu. Sai kuma wanda kusan ba mai kula dashi, gas ɗin cikin firji da esi. R410A da yake cikin esi da yawa kilo ɗaya nashi daidai yake da kusan tan 2 na kabon dayoksaid, kuma kowa ya san yadda wasu masu gyara suke yi, su kwance bututu kaji fuuu an sake shi a iska a sake ɗurawa. Wani gas ɗin R32 illarsa tafi sauƙi, R600a na sababbin firji kuwa kusan ba shi da wannan illar. Saboda irin su R410A ne ƙasashe suka yi yarjejeniyar Kigali a 2016 ta rage amfani da su.

Yanzu ga tambayar da nake ganin dole a amsa ta da gaskiya, mu meye namu a ciki? Afirka gaba ɗayanta bata kai kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin da duniya take fitarwa daga mai da gas da kwal ba. Ɗan Najeriya a matsakaici baya kai tan 1 a shekara, Ba'amurke yana wajen tan 14. Don haka duk wanda zai zo ya tsaya kan tsohuwa a Gyallesu yana nuna mata yatsa wai murhunta ne ya narkar da ƙanƙarar duniya bai yi adalci ba, babban nauyin yana kan waɗanda suka shekara sama da 150 suna ƙona kwal, kuma ya kamata a ci gaba da faɗa musu haka a kowane taro. Amma wannan bai sa mun tsira ba. Mu ne muke kwana cikin zafin, mu ne muke sayen litar mai tunda aka cire tallafi a 29 ga Mayu 2023, 'yan Band A kuma, wato waɗanda aka fi ba wuta awoyi masu yawa, a Afrilun 2024 aka kai musu yunit naira 225, matanmu ne suke shaƙar hayaƙin itace safe da yamma. Kusan duk gyaran da zai rage hayaƙin gida shine dai gyaran da zai rage kashe kuɗi da ciwon ƙirji, ba sai ka damu da alƙawarin da Buhari ya ɗauka a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 na daidaita hayaƙin da Najeriya take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060 ba kafin ka ga amfaninsa a aljihunka. Sannan gidajen da muke ginawa yau a Hanwa da Palladan da Ɗanmagaji da bayan Shika shekara 40 ko 50 zasu yi a tsaye, in an gina su yadda ba a iya zama ciki sai da inji toh an ɗaure jikoki da inji kenan.

A Ingila da Jamus in ana maganar gyaran tsohon gida don rage makamashi, damuwarsu sanyi ce, su shimfiɗa audugar gilashi mai kauri a saman silin, su cusa kumfa cikin bango, su sa taga mai gilashi biyu ko uku, su toshe duk wata kafa, su cire tukunyar gas ta ɗumama gida su sa wata na'ura mai jawo ɗumi daga waje wadda yunit ɗaya na wuta yake bada wajen yunit uku na ɗumi. A garin Darmstadt na Jamus tun 1991 aka gina gidan da kusan baya buƙatar a ɗumama shi. Mu in muka kwafo wannan kai tsaye mun ɓata kuɗi, namu yaƙin na hana zafi shigowa ne da fitar da wanda ya shigo. Abinda ya dace mu ɗauka a wurinsu shine jerin aikin, su jikin gidan suke fara gyarawa, sai kayan wutan ciki, a ƙarshe ake maganar daga ina wutar zata fito. Mu kuma daga ƙarshen muke farawa.

Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a tsakar ka take wucewa duk shekara, don haka a gidan da ba bene ba rufi ne yake shan mafi yawan dukan. Kwano baya riƙe komai, da rana ta buge shi yayi zafin da hannu baya taɓuwa, ya watso hucin ƙasa kan duk abinda yake ɗakin, katifa da bango da kan yaro. Ɗakin da ba silin wallahi ba fankar da zata cece shi, iskar zafi kawai take juyawa, kuma sa esi a irin wannan ɗakin ɗiban ruwa ne da kwando. Silin shine gyara na farko, ko na katako ko PVC ko POP, duk wanda aljihu ya iya. Amma silin kaɗai rabin aiki ne, don tsakaninsa da kwanon iska tana taruwa tayi zafi sosai, kuma kafintocinmu sun saba rufe wurin ruf saboda ƙura da jemagu da ɓeraye, sai zafin ya rasa hanya ya ratso silin ya sauko. A buɗe mishi ƙofofin iska a gefe biyu na saman bango ko ƙarƙashin bakin kwano, a sa raga mai ƙarfi, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Wanda yake da hali ya shimfiɗa foyil ɗin nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon da ɗan tazara, ko ya ɗora abin tare zafi a kan silin, amma a kira mai wayarin ya duba wayoyin da suke wurin tukuna, gobara ba wasa bace. Masu zama a tsofaffin kwatas kuma su kula, silin ɗin da na asbestos ne a gidaje da yawa, in yana nan lafiya a barshi a shafe shi da fenti, fasa shi da shaƙar ƙurarsa shine haɗarin.

Sai launi, kuma nan ne abin yake min ciwo. Yanzu yayin da ake shine rufi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ko shuɗi mai duhu, mai tsini sama kamar ana jiran dusar ƙanƙara, wai shine gidan manya. Baƙi shanye rana yake, fari mayar da ita yake, ɗan firamare ma ya san bambancin baƙar riga da farar riga a watan azumin da ya faɗo cikin bazara. A birnin Ahmedabad na Indiya zafin 2010 ya kashe sama da mutum 1,300, a 2013 suka fito da tsarin tunkarar zafi, cikin abubuwan da suka biyo baya harda shafa farin fenti da farar ƙasa a rufin gidajen talakawa, kuma irin wannan rufin yana iya rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Digiri uku a watan Afrilu shine bambancin yaro yayi barci da ya kwana yana kuka ƙuraje sun feso mishi. Tsohon kwanon da yayi tsatsa ya koma ja a kankare shi a shafa farin fentin rufi, shi ma kwanon zai ƙara kwana.

Abin da yake bani mamaki shine garin nan ba baƙo bane a wannan ilimin. Zariya ce garin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, da tubali da azara da bakan gizo, har yau ɗaliban zanen gine-gine daga ko'ina suna karanta aikinsa. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin azahar ya ratsa shi ya iso ciki dare yayi, shi yasa zauren ƙasa yake da sanyi tsakar rana, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Tagogi ƙanana, soro mai tsawo, tsakar gida a buɗe da bishiya a tsakiya, makuba a jikin bango tana kare shi daga ruwa. Ba ina cewa kowa ya rushe bulo ya koma ƙasa bane, ginin ƙasa yana da nashi, yaɓe duk shekara, indararo in ya toshe soro ya jiƙe ya rufto kan mutane, azara tayi tsada don giginyar ma ta ƙare, kuma a tsakiyar bazara shima da dare yana sakin zafin da ya tara, shi yasa iyayenmu suke kwana a tsakar gida. Amma yarda da cewa bulo mai rami inci shida da kwano shine cigaba, ƙasa kuma talauci, wannan ya cuce mu. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da aka matse, ya ɗaga kwanon sama ya bar tazara tsakaninsa da silin ɗin ƙasa yadda iska take ratsawa, a 2022 aka bashi Pritzker, lambar yabo mafi girma a fannin zanen gini. Muna da sashen zanen gine-gine a ABU tun da daɗewa, muna da ƙasar, muna da jikokin maginan, haɗa su ne ba a yi ba.

Bayan rufi sai bangon yamma. Shiga kowane gida ka tambayi wane ɗaki ne yafi zafi da dare, zaka tarar wanda rana take duka daga azahar zuwa faɗuwarta ne. Inuwa ake mishi daga waje, rumfa ko baranda, ko zana, ko asabari a bakin taga, don labulen ciki zafin ya riga ya shigo kafin ya tare shi. Tagar silaidin ɗin nan da ta kore luba rabi kawai take buɗewa, kuma ɗaki mai taga ɗaya iska bata da hanyar fita, in da hali a fasa wata a bangon da yake kallonta ko a sama kusa da silin. Da asuba a buɗe komai sanyi ya shiga, hantsi ya ɗaga a rufe ɓangaren rana. Sai kuma wannan al'adar ta malale duk tsakar gida da siminti ko intalok daga get har bakin kicin, a sare mangwaron da aka tarar wai yana zubar da ganye. Simintin nan rana yake sha wuni guda, da dare ya dinga hura ta cikin tagogi, ruwan sama kuma ya rasa inda zai nitse ya kwarara gidan maƙwabci. Garin da aka sani da rimaye bai kamata ace sabuwar unguwa ka tsaya ka hanga ba koren ganye ko ɗaya ba. Darbejiya ko mangwaro guda a yammacin gida, ɗan nesa da tushen gini, cikin 'yan shekaru zata yi aikin da ba injin da zai yi kyauta.

Kicin kuwa shine inda ya kamata maza su fi jin kunya, don mu ne muke yanke abinda za a kashe a gida amma ba mu muke tsugunne gaban murhu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta wajen mutum miliyan 3 ne suke mutuwa duk shekara sanadin hayaƙin cikin gida, kuma mata da ƙananan yara da suke goye a baya su suka fi shaƙa. Murhun duwatsu uku abinda yake kaiwa tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba, saura duk gefe yake bi. Gawayi ana ganin kamar yafi tsafta, a kicin haka ne, amma a daji kafin a samu kilo ɗaya nashi ta hanyar turarawar gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 ko fiye, duk buhunan da kake gani jibge a bakin hanyar Kaduna bishiyoyi ne da ba wanda ya dasa madadinsu. Gas ɗin girki shima daga mai yake, kilo ɗaya yana bada wajen kilo 3 na kabon dayoksaid, amma baya turnuƙe huhu, baya fitar da baƙin toka, baya cin daji, don haka duk gidan da zai iya ya koma gas ya koma. Na san kuɗinsa yana korar mutane su dawo gawayi, shi yasa ba zan raina ƙananan dabaru ba, murhu mai rufaffen ciki irin su Save80 ko na yumɓu da aka gina da kyau, busasshen itace da aka faskara ƙanana, murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun dare, tukunyar furesha, sauke shinkafa ko wake in sun tafasa a naɗe tukunyar cikin tsohon bargo a kwando su ƙarasa da zafin kansu. Kicin ɗin kuma a fasa mishi hanyar hayaƙi a sama. Da hunturu don Allah a daina shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa, iskar da take fitowa bata da wari bata da launi, barci kawai mutum zai yi ya wuce, haka ma janareta a koridon gida.

In jikin gida ya gyaru sai a juyo kan kayan wuta, nan lissafin a fili yake. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 guda goma in suka yi awa 6 sun sha yunit 3.6, ƙwan LED mai wat 9 guda goma a wannan lokacin yunit ɗaya ma basu kai ba, wajen rabi ne, kuma basa ƙara ma ɗaki zafi sosai. Fankar sama ta da tana cin wajen wat 70, sabbin nan masu aiki da batir rabin haka ma basa kaiwa. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000, wato fanka goma sha wani abu kenan. Ban ce kar a sa esi ba, akwai tsofaffi da marasa lafiya da jarirai da zafin Afrilu zai iya illata su, amma a sa shi a ɗaki ɗaya da aka gyara, mai silin, ƙofa tana rufuwa da kyau, a sayi mai inbata, a barshi a 25 ko 26 a haɗa da fanka maimakon a danna 16 a ja bargo, a dinga wanke ragarsa musamman bayan ƙurar hunturu. Tsohon firji ɗan kwatano da robar ƙofarsa ta saki arha ne ranar saye kawai, injinsa baya hutawa, a canza robar, a janye shi daga jikin bango da kusa da murhu.

Janareta shine babban bututun hayaƙin gidan ɗan birni. Litar fetur ɗaya tana zama wajen kilo 2.3 na kabon dayoksaid, ta dizal wajen 2.7. Ɗauki gidan da yake ƙona lita 3 kowane dare, kusan kilo 7 kenan, a shekara tan 2 da rabi, ninkin ba ninkin abinda matsakaicin ɗan ƙasa yake fitarwa, banda ƙara da kuɗin makanike. Wutar Nepa ma yawancinta daga tashoshin gas take, saura daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma duk da haka yunit ɗinta yafi na ƙaramin janareta tsafta nesa. Sola kuwa Allah ya hore mana rana, fanel na kilowat ɗaya a nan yana iya bada yunit 4 zuwa 5 a wuni in ana goge mishi ƙura. Inda ake tafka asara shine a kira mai sola alhali tsofaffin ƙwayaye da tsohon firji da ɗakin da ba silin suna nan, sai ya auna maka inbata da batir na wannan ɓarnar gaba ɗaya, kuɗin ya ninka, batiran su mutu da wuri. Wanda ya fara rage abinda gidan yake ci ƙaramin sola zai ishe shi, guga da famfon ruwa kuma a yi su tsakar rana lokacin da fanel yake kan ganiyarsa ba sai an taɓa batir ba. Mataccen batir mai dalma a maida ma masu saye su sake sarrafawa, kar a bari yara su fasa shi a tsakar gida, dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Akwai waɗanda duk wannan bayanin zai zame musu kallon kitse a rogo, 'yan haya. Ɗalibi a Samaru ko Kongo, ko ƙaramin ma'aikaci mai ɗaki ciki da falo a Tudun Wada ko Sabon Gari, shi yake shan zafin shi yake sayen man, amma rufin ba nashi bane, mai gidan kuma da rufin yake nashi baya kwana a ciki balle ya ji a jikinsa. A nan sai an zauna an yi magana ta fahimta, ɗan haya ya sa silin ko fenti a cire a kuɗin shekara, a rubuta a sa shaidu, mai gida ya gane ɗaki mai sanyi baya rasa mai kamawa. Haka wanda ba shi da mita ana kawo mishi bil na ƙiyasi, ko ya kashe fitila ko ya barta har hantsi kuɗin ɗaya ne, da me zaka lallashe shi? Mita ga kowane gida gyaran makamashi ne babba duk da ba a lissafa shi haka. Kuma ƙasar nan tana da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi tun 2017, wadda ta taɓo girman tagogi da inuwarsu da tare zafin rufi da irin fitilu da esin da za a sa, amma je ka tambayi birkila ko kafintan da yake aiki a fulotin kusa da kai ko ya taɓa jin labarinta. Su ne suke yanke yadda gidajen garin nan zasu kasance, su ya kamata a tara a koya ma, a Nuhu Bamalli ko a ABU ko a ƙungiyoyinsu, da Hausa, da kwano da katako a hannu.

Wanda yayi niyya, lokacin aikin rufi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, ruwa ya ɗauke kwano ya bushe kafinta zai iya hawa ba tare da ya ƙone ba, kuma a fara da ɗakin da yara da tsofaffi suke kwana ko da sauran sai baɗi. Fentin rufi na gaske yana ɗaukar shekaru, farar ƙasa kuwa arha ce amma damina tana wanke ta, duk shekara sai an sake shafawa kafin Maris.